Ƙaramar moda mai ratsin rawaya: Yadda za ka raine ta ba tare da ka kashe ta da ruwa ba

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, ka san ta ko da ba ka san sunanta ba. Ita ce wannan 'yar fulawar da ke zaune a bayan mai tallan turare, ko a gefen kwamfutar wancan matashin da ke koyar da zane a waya. Gajera ce, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, ganyenta masu kauri sun zagaye juna kamar sheƙar tsuntsu, tsakiyarsu kore, gefensu kuma rawaya kamar an bi da alli. Ka ga ta sau ɗaya, ka ga ta sau biyu, rana ta uku sai ga ka a bakin titi wajen masu sayar da fulawa kana nuna musu hoto a waya.

Abin da ba a nuna maka a bidiyon shi ne abin da ke faruwa bayan mako uku. Ganye ɗaya ya yi laushi daga ƙasa. Ka taɓa shi, ya biyo hannunka. Ka sunsuna, wari kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Ni ma haka ta faru da ni a karon farko, kuma ba sakaci na yi ba. Kullum da safe kafin in fita sai na ba ta ruwa, har ina jin kaina wani mai kula. Ashe ni ne ajalinta.

Kafin mu zo kan ruwa, bari mu fara da sanin wace ce.

A kasuwar fulawa ta duniya sunanta Golden Hahnii. Turawa na kiran danginta gaba ɗaya shukar maciji saboda zanen jikin ganyen, wasu kuma su ce harshen suruka, wai don tsayi da kaifi. Wannan tsokanarsu ce, ba ruwanmu. Masana tsirrai sun daɗe suna kiranta Sansevieria, sai a 2017 aka mayar da ita cikin dangin Dracaena, ta zama Dracaena trifasciata. Masu sayarwa dai har gobe tsohon sunan suke faɗa.

Ga abin da zai ba ka mamaki: asalinta na nan gida ne. Dajin Afirka ta Yamma ne mahaifarta, daga Najeriya har zuwa Kwango. Tambayi kakarka ko wani dattijo a ƙauye mece ce moda, ba moɗar shan ruwa ba fa, moda ta daji. Zai gaya maka shuka ce mai dogon ganye da ake bugawa a fitar da zare, a tufka igiya ko tsirkiyar baka. To wannan modar 'yar'uwar fulawarka ce ta jini. Mai dogon ganye da bakin rawaya, wadda kake gani a ƙofar banki da otal, ana kiranta Laurentii, sunan wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Emile Laurent, wanda ya ci karo da ita a yankin Kisangani na Kwango. Daga can ta tafi Turai, ta wuce Amurka. A 1939, a wani lambun rainon fulawa a birnin New Orleans, sai wata ta fito gajera a cikinsu, ta ƙi yin tsawo. Aka ware ta, aka sa mata suna Hahnii, daga sunan Sylvan Hahn, wani mai sana'ar fulawa a Pittsburgh. Shi ne kuma daga baya ya fitar da mai ratsin rawayar, ya yi mata rajista a 1953. Wato jikar modar dajinmu ce ta je Amurka ta yi kwalliya, ta dawo muna sayenta da tsada.

Rawayar nan da ka biya kuɗi dominta

Duk abin da zan faɗa maka daga nan, ya rataya ne a kan fahimtar abu ɗaya: me ya sa gefen ganyen ya zama rawaya?

Koren da ke jikin kowane ganye wani sinadari ne da ake kira kulorofil. Da shi shuka ke kama hasken rana ta haɗa abincinta. Wajen da ka ga rawaya, ƙwayoyin halittar wurin sun samu wani canji ne da ya hana su yin wannan sinadari yadda ya kamata. A taƙaice, rawayar ba ta girki, ci kawai take yi. Koren tsakiya shi ke ciyar da ita. Ka ɗauka gida ne mai mutum goma, huɗu ke fita nema, shida na zaune sun ci ado.

Wannan ne ya sa mai ratsi ba ta girma da sauri kamar koriya zalla. A shekara ta fitar maka da sabon ganye uku ko huɗu, ka gode Allah. Shi ya sa kuma ta fi tsada, domin mai rainonta ya fi daɗewa yana jira. Kuma shi ya sa maganar da ake yawan yi cewa "wannan ko a duhu za ta rayu" ba ta shafe ta sosai ba. Koriyar moda tana iya jure lungu mai duhu na tsawon lokaci. Mai ratsi kuwa, da yake masu nema a gidanta kaɗan ne, tana buƙatar haske fiye da 'yar'uwarta. Ka ajiye ta a ƙuryar ɗaki inda sai an kunna fitila ake gani, ba za ta mutu yau ko gobe ba, amma sabon ganyen zai fito siriri, ya miƙe yana neman taga, launin ya dushe, siffar sheƙar nan ta watse.

Sai dai kada ka ji haka ka kai ta tsakar gida. Ranar watan Maris da Afrilu a Kano ko Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana ƙona ɓangaren rawayar cikin 'yan kwanaki. Za ka ga tabo fari ko ruwan ƙasa, busasshe kamar takarda, kuma wannan tabon ba ya warkewa har ganyen ya tsufa. Wurin da ya fi dacewa da ita shi ne kusa da tagar da ke kallon gabas, ta sha hantsi, rana na yin sama ta shiga inuwa. Idan tagarka yamma take kallo, ka sa labule mai shara-shara tsakaninsu, ko ka ja ta baya kamar taku biyu. Baranda mai rufi ma ta yi. Wani gwaji mai sauƙi: da rana tsaka, fitila a kashe, idan za ka iya karanta littafi a wurin ba tare da ka matse ido ba, to ita ma za ta iya zama. Duk mako biyu ka ɗan juya tukunyar don kada ta karkata gefe ɗaya.

Maganar ruwa

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa, kuma dalilin ba ya wuce tausayi. Mun saba da alayyafo da tumatir, waɗanda in ka yi musu fashin kwana biyu sai su langaɓe. Moda ba haka take ba. Ganyenta masu kaurin nan randa ce, ruwa ne ajiye a ciki. A ƙarƙashin ƙasa kuma tana da wata saiwa mai kauri kamar citta, ita ma ma'ajiya ce. Har numfashinta na mai tattali ne: da rana tana rufe ƙananan ƙofofin jikin ganyenta don kada ruwa ya tsere, sai dare ya yi sanyi ta buɗe su. Abarba ma haka take yi. Shukar da Allah Ya yi wa wannan tanadi, kai kuma ka zo kana mata wanka kullum.

Idan ƙasar ta daɗe a jiƙe, iska ba ta isa ga saiwa, sai ta fara ruɓewa. Abin takaicin shi ne alamar farko tana kama da ƙishirwa: ganye ya yi yaushi, ya sunkuya. Sai mutum ya ce ayya, ruwa take so, ya ƙara mata. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Kada ka sa wa kanka ranar ba da ruwa a kalandar waya. Ƙasar za ka tambaya. Samu tsinken tsire mai tsabta, ka soka shi har gindin tukunya, ka bar shi minti ɗaya, ka zaro. Idan ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, mayar da butarka. Idan ya fito a bushe ƙayau, to lokaci ya yi. A lokacin zafi wannan kan kai mako biyu, wani lokaci ƙasa da haka idan tukunyar ƙarama ce kuma ta ƙasa. Da damina, lokacin da iska ke cike da laima, ko a tsakiyar hunturu da girmanta ke tsayawa, tana iya yin wata guda cur ba ta nemi komai ba.

In za ka ba ta, ka ba ta sosai. Ba yayyafi ba. Ka zuba har ruwan ya fito ta ƙasan tukunya, ka bari ya tsane, ka zubar da wanda ya taru a faranti. Ga ƙaramar tukunya, rabin ledar fiya wata ya isa. Kuma ka kula da wannan, domin ita gajerar nan ta fi doguwar haɗari a nan: kada ruwa ya shiga tsakiyar sheƙar. Ganyenta sun yi kamar mazurari, ruwan da ya shiga ciki ba shi da hanyar fita, sai ya kwanta ya ruɓar da zuciyar shukar. A gefen tukunya za ka zuba, kan ƙasa. Idan kuskure ya sa ya shiga, ka nannaɗe tishu ka tsotse shi. Masu fesa mata ruwa da kwalbar feshi don ganye ya yi sheƙi a bidiyo, wallahi ba gata suke mata ba.

Za ka yi tafiya hutun makaranta ko bikin 'yar'uwa na mako uku? Ka tafi abinka. Abin da ya fi haɗari shi ne ka bar wa ƙaninka amanar ya riƙa ba ta ruwa.

Tukunya da ƙasa su ne rabin maganin matsalar ruwan. Waɗannan kyawawan tukwanen tangaran da ake sayarwa, farare masu bakin zinare, da yawansu ba su da huda a ƙasa. Tukunyar da ba ta da huda kuwa kabari ce. Ko dai ka huda ta, ko ka dasa shukar a ƙaramar roba mai huda ka zura ta cikin mai kyan, ranar ba da ruwa ka ciro. Ni dai na fi son tukunyar ƙasa irin ta maginan gargajiya, domin jikinta na shan danshi yana fitarwa, ƙasar ciki ta bushe da wuri, ga araha. Kada ta yi girma da yawa. Yatsa biyu tsakanin shukar da bakin tukunya ya wadatar. Babbar tukunya na riƙe ruwan da 'yar saiwar ba za ta iya shanyewa ba.

Ƙasar da ke cikin baƙar ledar da aka sayar maka da ita sau da yawa laka ce mai nauyi, in ta jiƙe ta zama taɓo, in ta bushe ta zama bulo. Ka canza ta. Kashi biyu na yashi mai tsakuwa-tsakuwa irin na bakin rafi, kashi ɗaya na baƙar ƙasar lambu, kashi ɗaya na gawayi da aka farfasa ƙanana ko ɓuntun shinkafa da aka babbake. Taki kuwa ɗan kaɗan, wanda ya ruɓe ya huce sarai, sau ɗaya a farkon damina. Ɗanyen kashin kaji zai ƙone saiwar. Gwajin haɗin shi ne ka jiƙa shi ka dunƙula a hannu: in ka buɗe hannu ya wargaje, ya yi.

Tun wajen saye ma akwai abin dubawa. Ka kama ganyen tsakiya ka ɗan ja a hankali, ya kamata ka ji shi daram. Ka leƙa tsakanin ganyayen ko akwai wani farin abu kamar auduga. Kuma kada ido ya ruɗe ka ka zaɓi wadda ta fi kowace rawaya. Ita ce ta fi kyau a hoto, ita ce kuma ta fi saurin mutuwa. Nemi wadda koren ya kai rabin ganye ko fiye.

Dabarar yanka ganye da ake yaɗawa

Akwai wani bidiyo da ke yawo iri-iri: a yanka ganyen moda gunduwa-gunduwa, a tsoma cikin kofin ruwa ko a soka a yashi, bayan wani lokaci saiwa ta fito, sai ga sabuwar shuka. Ana cewa da ganye ɗaya za ka samu fulawa biyar kyauta, har ka fara sana'a.

Ba ƙarya ba ne, yana yi. Saiwa kan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu, ɗan tsiron kuma ya ƙara wasu watanni. Abin da mai bidiyon bai tsaya ya nuna maka ba shi ne launin abin da ya fito. Kore ne. Babu ratsin rawaya ko ɗaya.

Dalilin shi ne shukar nan kamar mutum biyu ne a riga ɗaya. Ƙwayoyin halitta iri biyu ne a jikinta, masu yin kore da marasa yi, an jera su hawa-hawa a can inda sabon ganye ke tsirowa. Wannan jerin ne ke ba kowane ganye kore a tsakiya da rawaya a gefe. Idan ka yanka ganye ka dasa, sabon tsiron yana fitowa ne daga ɓangare ɗaya kawai, kusan kullum daga koren, sai jerin ya rushe. Ka lalata ganyen uwa, ka jira rabin shekara, ka samu moda irin wadda ke bayan katangar makarantarku. Idan kuma wani ya ce zai sayar maka da yankakken ganyen mai ratsi da araha ka je ka dasa, yanzu ka san abin da za ka girba.

Hanyar da ratsin ke bin 'ya'ya ita ce ta saiwar nan mai kama da citta. Idan shukar ta ji daɗin wuri, za ka ga ɗan tsiro ya ɓullo a gefenta, wani lokaci har ya matse jikin tukunya. Kada ka yi gaggawa. Ka bari ya kai kamar rabin uwar, ya yi ganye huɗu ko biyar. Sannan ka juye tukunyar gaba ɗaya, ka kakkaɓe ƙasa, za ka ga igiyar da ta haɗa su, launinta ruwan lemo-lemo. Ka sa sabuwar reza ka raba, ka tabbata ɗan ya tafi da nasa siraran saiwoyin. Ka ajiye su a inuwa kwana ɗaya ko biyu bakin ciwon ya bushe, sannan ka dasa a busasshiyar ƙasa. Ruwa sai bayan mako guda. Na san hannunka zai yi ta ƙaiƙayi, ka daure.

'Ya'yan ma ba duka ke gadon uwa ba. Wani zai fito kore shar. Wannan ka raba shi da wuri ka ba shi tasa tukunyar, domin ya fi ƙarfi, in ka bar shi zai cinye wurin ya danne masu ratsin. Wani kuma zai fito rawaya zalla ko fari tas, kyakkyawa kamar a sace. Shi wannan kada ka kuskura ka cire shi, ba shi da abin girki ko kaɗan, uwar ce ke shayar da shi. Ranar da ka raba su, ranar ya fara mutuwa.

Da hunturu ƙura za ta lulluɓe ganyen ta tare haske. Tsumma mai ɗan danshi ya isa, ka goge sama da ƙasa duk mako. Ban da man girki, ban da madara, duk da ana nuna hakan a intanet: suna toshe ƙofofin numfashin ganyen, ƙura kuma ta ƙara mannewa. Sanyi ma ba ta son shi. In ya sauka ƙasa da digiri 10, kamar yadda yake yi a wasu dararen Jos, ganyen na yin tabo mai ruwa-ruwa, don haka ka shigo da ita ɗaki. Haka nan kada ka ajiye ta daidai inda iskar esi ke bugawa. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga kuwa, in ya bayyana, ka tsoma auduga a sifirit ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka maimaita bayan mako, ka kuma nisanta ta da sauran fulawoyinka har sai sun ƙare.

Sai batun da masu talla suka fi so, wai tana tace iskar ɗaki, wai hukumar NASA ce ta faɗa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 1989 NASA ta fitar da wani bincike da ya nuna wasu shuke-shuke, har da moda, suna rage wasu sinadarai masu guba a iska. Amma a cikin rufaffun akwatunan gwaji aka yi shi, ba a ɗaki mai ƙofa da taga ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka suka sake bin irin waɗannan gwaje-gwaje, suka lissafa cewa sai ka tara shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska ta yau da kullum ke yi a gini. Iskar da take fitarwa da dare ma ba ta kai ta canza maka barci ba. Ka so ta don kyanta, iska kuma ka buɗe taga.

Kyan nata ma akwai na ɗan maciji a ciki. Ganyen na ɗauke da wani sinadari mai suna safonin, wanda in yaro ko kyanwa suka tauna yakan jawo dalalar miyau, amai da gudawa. Gajera ce, daidai hannun mai rarrafe. Ka ɗora ta a sama, in kuma yaro ya ci har ya fara amai, a kai shi asibiti.

To idan ka riga ka makara fa, kana karanta wannan ga taka can ta fara wari? Kada ka jefar tukuna. Zare ta daga tukunya yanzu, ka wanke saiwar. Duk abin da ya yi baƙi ko ya yi laushi, ganye ne ko saiwa, ka yanke shi da reza har sai ka isa wuri mai tauri, fari ko ruwan lemo. Ka barbaɗa garin gawayi a bakin yankan, ka shimfiɗa ta a kan jarida a inuwa kwana uku. Tsohuwar ƙasar ka zubar, tukunyar ka wanke da sabulu ka shanya a rana. Ka dasa a sabon haɗi busasshe, ka ƙyale ta kwana goma ba ruwa. Idan zuciyar tsakiya ta riga ta narke, uwar ta tafi, amma ka duba saiwar da kyau: ko guntu ɗaya mai tauri ya rage, ka binne shi a yashi, yana iya turo ɗa, kuma ɗan zai iya zuwa da ratsinsa. Tawa ta biyu haka aka yi ta tsira. Wata huɗu tukunyar na zaune a taga kamar ba komai a ciki, har an fara tambayata ko yashi nake kiwo, sannan wani ɗan kai mai bakin rawaya ya leƙo.